Goyo, Minti Ashirin

Yau shekara goma cif da muka rasa Malam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Masu karatu za su yi mini uzuri, shekara talatin da 'yan kai muka yi tare sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba da furfura zan fara ba. A allon ƙofar garejinsa da ke Saint-Fons, nan gefen Lyon, an rubuta Issa. Wannan ma hannu ne ya kwafo muku, baki bai faɗa ba. Ni dai Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa na allo bai wuce abin salla ba. Malantarsa a cikin inji take.

Ban ɗauki alƙalami don in yi kuka ba, kukan na yi shi har ya gundure ni. Na ɗauka ne don in tona masa wani asiri da ya ɓoye har ya koma ga Mahaliccinsa. Na san da yana nan zai harare ni ya ce bakina ba shi da murfi. To, ya yi haƙuri. Asirin da rabona a ciki, kuma shi ne ya hana a sauke sunansa daga allon nan bayan ba ransa.

Daga Maradi ya zo, makaniken manyan motoci, mai ji da kansa. A can in babbar mota ta taho tun daga nesa yakan faɗi ciwonta kafin ta tsaya. Da ya samu aiki a garejin wani Bature, Bernar, wanda ake ce wa Mushe Bernar don girmamawa irin ta Faransawa, ya ɗauka zai nuna wa Faransawa yadda ake aiki. A makonsa na farko aka kawo wata motar Italiya ruwan ɗorawa, mai kujera biyu, gajeruwa har tana neman lasar ƙasa. Mushe Bernar ya ce ya duba mata mai. Malam ya je gaba kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ɗaga murfi, sai ya ga taya a kwance, ba inji ba alamarsa. Nan take ya saki murfin ya ruga ofis yana ihu da guntun Faransancinsa wai an sace injin, shi kuwa ba hannunsa, a zo a shaida. Garejin nan kaf ya kwashe da dariya. Wani ma'aikaci har sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Rashin sani ya fi dare duhu: irin motocin nan a baya injinsu yake, daf da kujerar direba.

Ya dawo mana gida, hawa na goma a unguwar Minguettes, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Na ajiye tuwo, ya ture. A lokacin ina goye da Lami, watanta huɗu. Lami sunan rana ne, sunan yankan ba nawa ba ne in kira, 'yar fari ce. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Ya ce shi bai taɓa ganin hauka irin na mutanen Italiya ba, su ɗauki inji su jingina shi da bayan direba, tsakaninsu ba komai sai ɗan bango siriri.

Na ce, "To mi ne ne abin mamaki, Malam? Ai goyo ta yi."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke bayana. Can ya ce, "Ke, yaya kike sanin ta tashi ba ki waiwaya ba?"

Na gaya masa abin da kowace uwa ta sani. Baya yana riga kunne ji. Kafin yaro ya yi kuka ka ji numfashinsa ya canza, ka ji zazzaɓi tun yana hanya, ka san yunwa ce ko iska ya haɗiya da nono. Amma sai ka natsu, kuma sai ɗuminku ya haɗu, ba a tsaye ake ganewa ba. Ya gyaɗa kai. Sai ya jawo tuwon da ya ture ya cinye tas.

Tun daga ranar ya samo hanyarsa ta aiki. In ya gama gyaran irin motocin nan, sai ya tuɓe rigar aiki ya rage 'yar shara-shara, ya tada inji, ya shiga ya manna bayansa da kujera, ya rufe ido. Minti ashirin ba ya motsi. Daga nan sai ya fito ya kama sukudireba ya tafi kai tsaye inda matsalar take, ya ɗan murɗa nan ya ɗan saki can, inji ya koma yana numfashi lafiya lau. Abokan aikinsa suka kasu biyu: masu cewa barci yake sata, da masu cewa addu'a yake, a bar shi da Ubangijinsa. Bai gyara wa kowa zato ba. Namiji Bamaraɗe ya tsaya gaban Turawa ya ce a bayan matarsa ya koyi sana'a? Ai gara a ce barci yake.

Ya zo ya san tarihin motocin nan kamar yadda maroƙi ke sanin asalin gida, kuma ni ce ɗalibarsa ko ina so ko ba na so. Ya ce da can masu ƙera motar gudu sun yi imani inji a gaba ya kamata, kamar yadda sa ke gaban amalanke. 'Yan tsere ne suka fara mayar da shi tsakiya, suka ga mota ta fi riƙe ƙasa a kwana saboda nauyinta ya taru wuri ɗaya. Ni na ƙara masa misali, na ce mai tulu a ka da lallaɓawa take juyawa, mai goyo kuwa juyawarta take yi kawai. Daga baya na ji yana ba mutane misalin kamar shi ya haife shi. A ƙarshen shekarun sittin wani gidan ƙera motoci a arewacin Italiya ya fito da ita kan titi, 'yar ƙarama mai fistan shida. Da fari ma gidan bai yarda ya liƙa mata babban sunansa ba, don manyan motocinsa fistan goma sha biyu gare su, ita kuwa ana mata kallon 'yar rakiya. Bayanta aka yi masu fistan takwas, masu kaifin jiki. Daga baya aka cire kafireta, mai gauraya wa inji mai da iska, aka koma fesa mai da lantarki, sannan aka dasa musu ƙwaƙwalwa. Uwa, 'ya'ya, jikoki, haka yake jera su. Amma ransa na wajen uwar, wadda aka hana suna, kuma yau ita masu neman tsofaffin motoci ke rububi a kai. Ina jin kansa yake gani a cikinta, domin shi ma ya daɗe yana aiki a bayan fage kafin Mushe Bernar ya kira mai fenti ya ƙara Issa a allon ƙofa, suka zama abokan tarayya.

Motar nan ruwan ɗorawa da ta kunyata shi, ita ce ta zama 'yar lelensa. Ɗorawa yake ce mata. Mai ita wani likita ne, da ya rasu ɗiyarsa Madam Odil ta gaje ta, ta koma Paris da zama, amma ba ta yarda wani hannu ya taɓa motar ba sai na Malam. Sau nawa ya ce in zo ya ɗana ni in ji abin da yake ji? Ni kuwa na ce Allah ya kiyaye, da girmana da zanina in kwanta a ƙasa kamar mai neman allura, mutanen unguwa na kallo. Kullum sai in ce wata rana. Wannan wata ranar ita ce abin da ya fi ci mini rai cikin duk abin da ya wuce tsakaninmu.

Aikinsa na ƙarshe a duniya injin Ɗorawa ne. Ya sauke shi, ya wargaza, ya sake haɗawa da hannunsa ƙusa bayan ƙusa, ya mayar. Saura saiti kawai ciwo ya kayar da shi, bai sake taka garejin ba. Bayan arba'in Lami ta ajiye aikinta a wata masana'antar sinadarai, ta ce ita za ta riƙe gurbin ubanta. Ta yi karatun injuna mai zurfi, takardunta sun fi na uban nesa ba kusa ba. Amma masu irin motocin nan ba takarda suke bi ba, hannu suke bi, kuma hannun da suka sani yana cikin ƙasa. Duk suka zuba ido su ga yadda za a ƙare da Ɗorawa. Madam Odil ba ta ɓoye ba. Ta ce akwai taron tsofaffin motoci a Paris nan da mako shida, tana so motar ta je da ƙafarta. In ba ta samu ba, za ta tura ta Italiya. Kowa ya san in Ɗorawa ta fita daga garejin sauran za su bi ta kamar tumaki, a rufe ƙofa, a sauke allo.

Ita kuwa Ɗorawa ta ƙi. Da sanyi ta tashi lafiya, na'ura ta ce ba ta da komai. Amma da an yi 'yar tafiya ta ɗau zafi sai ta fara shaƙuwa, ƙarfinta ya zube. Lami da Mushe Bernar, wanda tsufa ya riga ya ci masa kunne, suka canza wannan suka canza wancan. Mako biyar suka wuce a haka. Yarinya ta rame, ta daina dariya, ni kuma ba abin da na iya sai addu'a da tura mata abinci.

Ran wata Lahadi da la'asar ta zo gida da littafin aikin ubanta, ta jefa shi kan tebur. Ina kicin ina jin ta tana mita, rabi Hausa rabi Faransanci.

"Maman, Baba ya rubuta komai, komai, sauf abu guda. Kowane shafi a ƙarshe sai ya sa harafi huɗu da lamba ashirin. Mun duba duk littattafai, babu. Mun yi telehon har Italiya, sun ce ba su san wannan pièce ɗin ba."

Na ce ta karanto mini. Ta karanto harafi ɗaiɗai da Faransanci, yadda ake karanta sunan ma'aikata. Na share hannu na zo na leƙa. Da manyan baƙaƙe, cikin rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, ga shi nan: GOYO 20.

Wallahi dariya ce ta fara kama ni. Na yi ta har na dafa bango. Wai an buga waya Italiya ana cigiyar goyo! Yarinyar da na goya shekara biyu, ga kalmar a gabanta, amma don ta gan ta tsakiyar Faransanci da lambobi sai ta ɗauka sunan ƙarfe ne. Kaza ta kwana kan dami. Daga dariyar ban san lokacin da kuka ya karɓa ba, domin sai a ranar na gane shekara talatin mutumin nan yana rubuta maganata a ƙarshen kowane aikinsa, bai taɓa gaya mini ba.

Washegari da safe na yafa mayafi na ce ta kai ni garejin. Abin da na ƙi yi wa miji sai ga ni zan yi wa allon ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire babbar rigar sanyi, Mushe Bernar ya juya baya don kunya, Lami ta riƙe ni ina saukar da gwiwoyina ɗaya bayan ɗaya ina salati, har na isa ƙasan da ake kira kujera. Ta tada inji. Na manna bayana, na rufe ido.

Da fari ba abin da na ji sai ruri da tsoro. Sannu a hankali ɗumi ya ratso kujera ya same ni, rurin ya rabu, na fara jin numfashin da ke ƙarƙashinsa. Lafiyayyen yaro ne, an haɗa shi da kyau. Can wajen minti goma sha biyar sai na ji abin: ya ja, ya ja, sai ya ɗan haɗiye, kamar jaririn da ya kama nono a karkace. Na jira ya sake, ya sake.

Na ce, "Lami, yaron ga iska shika sha. Ba ciwo ba ne. Nan wajen kahwaɗata ta dama."

Ta dube ni kamar na yi mata yaren aljanu, sannan na ga idonta ya buɗe. Injin kafireta uku gare shi a jere. Ta tafi wajen ta dama tun injin na da zafi, ta fesa wani ruwa a gindinta, sai muryar injin ta canza nan take. Ashe abin da ke tsakanin kafiretar da mazauninta ne ya yi 'yar tsaga siririya kamar gashi. Da sanyi a rufe take, sai ta ji zafi take buɗe baki ta sha iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin azahar ta canza shi ta yi saiti, sannan ta tuɓe rigar aikinta ta shiga ta zauna da kanta, ido rufe, minti ashirin. Da ta fito sai ta rungume ni da hannuwanta masu baƙin mai ta ɓata mini mayafi. Mushe Bernar yana gefe yana ta girgiza kai, wai shekara talatin yana zargin bawan Allah da barci a bakin aiki.

Ranar Juma'a muka kama hanyar Paris, ni da ita, don kujera biyu ce kuma na rantse ba wanda zai zauna a ta biyun sai ni. Ɗorawa ta cinye hanyar nan ba tari ba shaƙuwa. Duk inda muka tsaya shan mai ko salla sai mutane su kewaye mu da wayoyi, suna kallon mota suna kallon tsohuwa da ɗankwali a ciki, sun rasa wanne ya fi ba su mamaki. Kafin mu kai ta ga mai ita na sa Lami ta bi da mu unguwar La Courneuve a gefen Paris, inda tsofaffin abokan Malam suke, mutanen Maradi da na Damagaram da 'yan Cadi da suka yi zaman ɗaki ɗaya da shi farkon zuwansa. Suka sauko daga dogayen benayen nan da sandunansu. Ɗaya daga cikinsu ya dafa motar ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, aka ɗaga hannu aka yi wa Malam fatiha a tsakiyar wurin ajiye motoci.

A wurin taron, 'yan'uwan Ɗorawa na jere, uwa da 'ya'ya da jikoki kamar yadda Malam ke lissafa mini su a kan tuwo. Wani dattijo ɗan Italiya cikin masu duba motocin ya sa aka tada ta. Ya sunkuya ya daɗe yana saurare, ya ɗago ya tambayi wa ya yi saitin, da wace na'ura. Lami ta miƙe tsaye ta ce injin ubanta ya haɗa, saitin kuma da goyo aka yi. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ta nuna ni. Dattijon nan ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta kalmar harafi bayan harafi, ina kallo. Mutanen da muka buga wa waya muna cigiya, ga ɗayansu yana koya a hannunmu. Madam Odil ta kama hannuna biyu tana hawaye. Motar ba ta je Italiya ba, kuma ba ko ɗaya da ta fita daga garejin.

Yau in na tsaya jiran taram, jirgin ƙasan cikin gari, a unguwarmu ta Vénissieux, motocin lantarki na wuce ni shiru kamar ɓarayi, sai in tambayi kaina me Malam zai ce. Na san shi, zai taɓe baki ya ce jaririn da ba ya kuka a duba shi. Zai yi faɗa da masu sayen irin su Ɗorawa su kulle a sito su lulluɓe da zane suna jiran ta yi tsada, domin a wurinsa motar da ba a hawa marainiya ce. Zai yi gunaguni in ya ga Lami ta jona kwamfuta a jikin jikokin. Ita kuma za ta ce masa karen bana shi ke maganin zomon bana, su yi ta musu har tuwo ya huce. Amma daga baya zai zagaya ya ga takardar aikin garejin, wadda ake bugawa da Faransanci tsaf, ya ga layin ƙarshe. Har yau harafi huɗun nan ne da lamba ashirin, kuma ba motar da ke fita sai an sa hannu a wurin. Makanikai Turawa da Larabawa na faɗin kalmar da karyayyen harshe, masu motoci daga Paris na bugo waya suna tambaya ko an yi wa tasu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ina jin a nan zai bar musun, ya jawo kwanonsa.

Bai bar gidaje ba, bai bar gonaki ba. Ya bar allo da sunansa, ya bar ɗiya da ta fi shi karatu kuma ta yarda ta zauna ta saurara, ya bar kalmar Hausa guda a bakin mutanen da ba su san inda Maradi take ba. Ni kuma ya bar mini yini ɗaya. A hanyar nan ta Paris, bayan mun yi nisa, ɗumin injin da ya haɗa da hannunsa ya cika mini baya, numfashinsa na tafiya daidai ba gargada. Na rufe ido, na ƙara manna bayana da kujera. Lami ta saci kallona ta ce, "Maman, lahiya? Ko in tsaya ki huta?"

Na ce, "Yi tuƙinki, ɗiyata, kar ki tashe shi. Babanki nika goye."